Kwanso Uku a Cikin Yajin Inna

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma rubutun da na saba da shi na jikin kwali ne. Ga kuma tsoro. Ina tsoron abin da zai same ni in an karanta, ina kuma tsoron kada in ƙara jawo wa mutumin da nake nema wata fitinar a kan wadda na riga na jawo masa. Shi ya sa ba zan kira sunan kowa ba, har nawa. Abin da ya rinjaye ni shi ne akwai haƙƙin wani bawan Allah a wuyana. Na neme shi ta duk hanyar da na sani don in roƙi gafararsa, ban same shi ba, kuma ban san ranar da zan mutu ba.

Aikina a Dubai ɗaurin kaya ne, a wani shagon kago da ke Deira. 'Yan kasuwa su sayo kayansu su kawo mana, mu buɗe, mu duba, mu jera a kwali, mu naɗe da salatif. Sannan in ɗauki maka, babban alƙalamin nan na rubutu a kwali, in rubuta alamar mai kaya a kowane gefe. Wani haruffa uku ne alamarsa, wani tauraro da lamba, akwai ma wata Hajiya da kifi take so a zana mata. Da wannan alamar kwali zai ratsa teku a cikin kwantena, a cakuɗe da na mutane barkatai, ya je Kano ya sami mai shi. Abokan aikina suna yi mini dariya saboda nakan koma in sake duba kwalin da na riga na rufe, wani lokaci har sau uku. Mai shagon kan ce, "Khalas, malam, kwalin nan ba gudu zai yi ba." Amma ni abin da na gani a aikin nan shi ne, kayan da ke da alama ba ya ɓata, ko ya ɓata yana dawowa. Na faɗi wannan ne don a san irin zuciyar da maganar da zan kawo ta tarar.

Ina cikin shekara ta uku a can aka kashe yayana. Shi ke riƙe da gonarmu da mahaifiyarmu a ƙauyenmu da ke yammacin Katsina, a bakin daji. Da hantsi 'yan bindiga suka zo a kan babura, suka tarar da shi yana huɗa, suka kwance shanun. Waɗanda suka hango daga nesa sun ce bai yi musu gardama ba. Duk da haka suka harbe shi. Kafin la'asar an yi masa sutura, ni kuwa ina Deira da salatif a hannu, ban ji ba sai da aka dawo daga maƙabarta.

Washegari Inna, mahaifiyarmu, ta tafi gonar ita kaɗai, duk da an hana ta. Ta tsinto kwanson harsashi guda uku a inda ya faɗi, ta ƙulle a bakin zaninta. Ƙanwata ta ɗauki hotonsu a tafin hannun Inna ta turo mini. Babu wanda ya zo ya tambaya ko an tsinci wani abu. Babu wanda aka kama.

Mutum biyu ne suka tsaya mini a lokacin. Ɗaya injiniya ne ɗan Kano, yana aikin albashi a wani kamfani, mutum ne mai yawan karance-karance a waya. Ɗayan kuwa shi ne wanda nake nema. Ɗan kasuwa ne mutumin Maraɗi, ya girme ni sosai, yana sayen kayan gyaran keken ɗinki a Dubai yana kaiwa Kano da Maraɗi. Alhaji muke ce masa. Ya yi karatun Faransanci, da wuya ya yi magana uku bai ce "bon" ba. Duk ranar da ya shigo shagonmu sai ya ɗaga murya ya ce, "Ina mai gadin gidanmu?" Wai su mutanen Maraɗi su ne Katsinawan asali, mu da muke zaune a Katsina gadi aka bar mana har su dawo.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, suka ga na rame ba na cin abinci, sai suka sa ni a motar Injiniya muka tafi Hatta, can cikin duwatsu, wai in sha iska. Muka shimfiɗa tabarma a inuwa kusa da madatsar ruwa, aka buɗe shinkafar da muka sayo a hanya. A nan na nuna musu hoton.

Injiniya ya ƙara girmansa da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Ka san da a wata jiha ta Amurka aka yi wannan, kwanso kaɗai zai iya kai 'yan sanda ga mai bindigar."

Na ce, "Ta yaya, Injiniya?"

Ya ce a cikin kowace bindiga akwai wata 'yar allura da ke dukan gindin harsashi kafin ya tashi. A wannan jihar sun yi doka cewa a sassaƙa lamba a bakin allurar, ƙanƙanuwa ƙwarai, ido ba ya ganinta. Duk harbin da aka yi, allurar za ta buga lambar a jikin kwanso kamar yadda hatimi ke bugawa a takarda. Mai kisa zai gudu da bindigarsa, amma kwanson zai faɗi a ƙasa da lambar. In an tsinta sai a duba littafi a ga wanda ya fara sayen bindigar.

Na ce, "Wato kamar alamar kwali."

Ya ce, "Kamar alamar kwali."

Alhaji yana cin shinkafarsa bai ɗago ba. Sai da ya haɗiye ya ce, "Bon. Injiniya, ni jahili ina da tambaya. Allurar nan ƙarfe ce?"

"Ƙarfe ce."

"Magagari yana cin ta?"

"Zai ci mana."

"To magana ta ƙare. Ni allura nake sayarwa. Ka ba ni magagari, kafin shayinka ya huce in mayar maka da ita sumul. In na ji ƙyuya in zare ta in sa wata. Keken ɗinki ma ana canza masa allura, bare bindiga."

Injiniya ya ce, "Ba kowane ɓarawo ne ke da wayonka ba, Alhaji. Wasunsu ko share bindigar ba su iya ba. Ko kaɗan aka kama ai an rage."

"Wa za a kama? Wanda ya saya a kanti da takardarsa. Shi kuma ya ce sace masa aka yi. Ko ya sayar wa wani, wani ya sayar wa wani, ta ƙetaro hamada a ƙarƙashin buhun dabino. Kai tun da kake, ka taɓa ganin ɗan bindigar daji da rasit?"

"Ko da haka ne ai an sami bakin zare. Daga mai saye na farko sai a bi sawu."

"Bakin zare! Ku 'yan boko haka kuke, ku ga bakin zare ku ce an gama ɗinka riga."

Injiniya ya yi dariya ya ce su kansu Amurkawan ba su gama wannan gardamar ba. Masu ƙera bindiga suna cewa lambar ba ta fita sosai, kuma tana gogewa in an yi ta harbi. Masu goyon bayan dokar suna cewa ba haka ba ne, kawai ba sa son yi ne. Ya ƙara da cewa ƙananan bindigogi sababbi kaɗai dokar ta shafa, kuma a wannan wurin kaɗai.

Na ji wannan duka da kunnena. Ina so ya zauna a rubuce cewa na ji, don kada wani ya ɗora wa Injiniya laifi. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "A hoton nan za a iya ganin lambar?"

Ya ce, "Ina! Sai da madubi mai ƙarfi, irin wanda masu gyaran waya suke leƙawa."

A nan Alhaji ya daina dariya. Ya dube ni ya ce, "Ƙanena, ka bar maganar nan a nan Hatta. Wanda ya kashe yayanka Allah Ya san shi, kuma littafinSa magagari ba ya cin sa. Ci abinci."

Ban bar ta a Hatta ba. Da ita na dawo Deira, ta zauna mini a ƙirji. Ina rubuta alama a kwali ina cewa a raina, in kuma akwai fa? Ni na san yadda kaya ke yawo. Na sha ganin abin da aka yi don wata ƙasa ya ɓullo a wata. Me zai hana bindigar Amurka ta ɓullo a dajinmu? Shago biyu tsakaninmu da wani mai gyaran waya, yana da irin madubin da Injiniya ya faɗa. Lokacin cin abinci sai in je in tsaya a ƙofarsa ina kallon yadda yake leƙa ciki yana taɓa abin da ni ban gani. Na riƙa jin cewa in har akwai lamba a jikin kwanson nan ban duba ba, to kamar na bar yayana ne kwance a gona. Shirina shi ne in ga lambar, in rubuta a takarda, in ba Injiniya ya aika wa masu riƙe da littafin. Su wane ne su, a ina suke, za su saurari mai ɗaurin kaya? Ban tsaya na tambayi kaina ba.

Na sake tayar da maganar sau ɗaya, a wani gidan abinci a Al Rigga inda mutanenmu ke haɗuwa cin tuwo. Alhaji ya ce wa jama'a, "Ku yi hankali da bakinku, mai gadin gidanmu ya zama ɗan sandan ciki." Kowa ya yi dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba, so yake in saki jiki. Amma ni kunya ta kama ni, na yi alkawari a raina ba zan ƙara yin maganar a gabansa ba.

Ana nan sai tafiyarsa gida ta zo. Duk wanda ya zauna a ƙasar waje ya san al'adar saƙo. In mutum zai dawo daga gida, kowa sai ya sa a ba shi ƙulli: kuka, daddawa, kilishi, man shanu, yaji. Kuma ba a buɗewa. Alhaji yana alfahari da wannan. Yakan ce, "Tun ina saurayi nake ɗaukar saƙon mutane, ban taɓa kwance ƙullin kowa ba. Wanda ya buɗe saƙo ya zagi mai shi."

Ni kuwa aikina buɗe kayan mutane ne. A bangon shagonmu akwai takarda da aka jera abubuwan da ba a ɗauka, kullum ina ganinta. Na riƙa gaya wa kaina cewa kwanson da aka riga aka harba ba makami ba ne, kamar yadda gwangwanin da aka shanye ba madara ba ne. Na yi kwanaki ina juya wannan. To amma in da gaske na yarda da haka, me ya sa na ce a binne su a cikin yaji? Wannan tambayar har yau ban sami amsar da za ta wanke ni ba.

Na kira ƙanwata na ce Inna ta daka mini yaji, a zuba a roba mai murfi, a tura kwanson can tsakiya, a naɗe da leda.

Ta ce, "Yaya, ba matsala kuwa?"

Na ce, "Ƙarfen banza ne fa. Kuma kada ki gaya wa Alhaji, dariya zai yi mini."

Inna ta karɓi wayar ta ce in bar mata ɗaya, tana so ta riƙa gani. Na ce a'a, a turo duka ukun, don ban san a jikin wanne lambar ta fi fita ba. Sai ta ce, "To, in dai za a san wanda ya yi."

Lokacin Inna ta bar ƙauye ta koma wajen ƙanwata a cikin Katsina. Alhaji bai tsaya a aika masa ba. A hanyarsa ta dawowa daga Maraɗi ya sauka da kansa ya yi mata ta'aziyya, ta miƙa masa robar hannu da hannu. Daga nan ya kira ni.

Ya ce, "Mai gadin gidanmu, na ga Inna, tana gaishe ka. Ga yajinka a hannuna. Wannan ko aljani ya shaƙa sai ya yi atishawa."

Wayar tana kunnena. Magana ɗaya ta isa. Da na ce, Alhaji, akwai abu a ciki, da ya zage ni ya zubar a kwata, shi ke nan. Na buɗe baki na ce, "Allah Ya saka da alheri, Allah Ya kawo ka lafiya."

Ranar da zai sauka, jirgin safe ne. Na lissafa cewa kafin azahar zai iso masaukinsa. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu, daga baya aka kashe ta. Ina cikin naɗe wani kwali sai ga wani ɗan kasuwa da suka shigo jirgi ɗaya, ya tsaya a ƙofar shago yana ba da labari. Ya ce an sa jakar Alhaji a na'ura sai aka ware shi gefe. Aka buɗe robar yaji aka juye a faranti, ma'aikatan suna ta atishawa, shi Alhaji har yana yi musu dariya yana cewa shwaiya shwaiya, wato a bi a hankali. Sai ga kwanso uku sun gangaro. Ya ce bai taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. An tafi da shi. A ƙasar nan, in ji shi, ko kwanson da ba komai a ciki ba a wasa da shi, cikin kayan makami ake lissafa shi.

Mai shagonmu ya ce, "Wane marar imani ne ya yi wa bawan Allah wannan?" Ni ina tsugune da salatif a hannu.

Na je wajen Injiniya na gaya masa komai. Ya riƙe kai ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bakina ne ya ja." Na ce zan je in faɗa musu nawa ne. Ya ce, "Ka tsaya ka yi tunani. A jakarsa aka samu. In ka je ba lallai su sake shi ba, wataƙila ku zama ku biyu a ciki. Wa zai riƙe Inna da 'ya'yan marigayi?"

Ban sani ba ko shawararsa daidai ce. Abin da na sani shi ne na karɓe ta da sauri. Ni da nake duba kwali sau uku, wannan ban duba ta ko sau biyu ba. Daga baya zuciyata ta hana ni sakat, har sau uku ina zuwa kusa da ofishin 'yan sanda. In tsaya a tsallaken titi ina kallon ƙofa, rana tana dukana, ina maimaita abin da zan faɗa. Sai in juya. Ranar ƙarshe na gangara bakin ruwa na shiga abra, ɗan kwalekwalen da ke ƙetarar da mutane, na je wancan gefen na dawo, na sake zuwa na dawo, ba tare da ina da wani aiki a can ba.

Ko ziyara ban kai masa ba, don na ji ana rubuta sunan duk wanda ya je. Wani mutumin Nijar da ya samu ya gan shi, shi ya zo yana ba da labari a gidan tuwo. Ya ce an tambayi Alhaji saƙon wane ne, ya ce wata tsohuwa ce ta ba shi a tasha ya kai wa ɗanta, kuma lambar ɗan ta ɓace masa. An juya shi an juya, bai canza magana ba. Jama'a suna ta tsine wa tsohuwar da ɗanta. Ina zaune a cikinsu da loma a hannu. Alhaji ya san robar wa ce. Ya san gidan da ya karɓe ta. Ya kuma tuna Hatta, na tabbata.

Ya yi watanni a tsare. Daga baya aka sa shi a jirgi aka mayar da shi gida, aka ce kada ya sake shigowa. Kasuwancinsa kuwa gaba ɗaya a kan wannan hanyar yake.

Bayan kwanaki sai saƙon murya ya shigo wayata daga wata sabuwar lambar Nijar. Ga abin da ya ce, ban rage ko kalma ɗaya ba: "Salamu alaikum, mai gadin gidanmu. Bon, na iso gida lafiya, alhamdu lillahi. Yajin dai bai iso ba, ka ba Inna haƙuri. Ka riƙe aikinka da kyau."

Shi ke nan. Bai ce na yafe ba, bai ce Allah Ya isa ba. Na saurari saƙon nan ban san iyaka ba. Wata rana in ji muryar wanda ya yafe. Wata rana in ji muryar wanda ya rufe ƙofa a hankali don kada ta yi ƙara.

Na yi kwana tara ina shirya amsa. In ɗauki muryata in saurara in goge. Wata ta yi tsawo, wata kamar ina kare kaina, wata kuma na ji tsoron na faɗi abin da bai kamata ya zauna a waya ba. Ranar da na daure na tura, saƙon bai shiga ba. Na kira, lambar a kashe. Har yau a kashe take.

Ba a daɗe ba annobar korona ta zo, aka rufe hanyoyi, aka rufe shagonmu na wani lokaci. Ina zaune a ɗaki ba abin yi sai wannan saƙon. Da aka buɗe, duk mutumin Maraɗin da ya shigo da kaya sai na tambaye shi. Wani ya ce Alhaji ya sayar da shagonsa. Wani ya ce ya gan shi a Agadas. Wani ya ce Kwatano ya koma. Wani ya ce tun da ya dawo bai ƙara lafiya ba, ciwon suga ya taso masa. Na roƙi mijin ƙanwata ya je Maraɗi da kansa. Ya tarar da shagon ya zama na mai sayar da bokitai, maƙwabta suka ce iyalin sun tashi, ba su bar adireshi ba.

Wata rana Injiniya ya sake duba hoton nan na tafin hannun Inna. Ya ce daga tsawon kwanson ma an san na doguwar bindigar yaƙi ce, tsohon ƙira, irin waɗanda dokar ba ta taɓa shafa ba. Ya ce, "Ai tun a Hatta na gaya maka." Gaskiya ne, ya gaya mini. Ya ce a can Amurkar ma har yanzu gardama suke, kuma shi bai ji an ce bindigogi masu lambar sun shigo kasuwa ba. Na ce, "To tsakaninka da Alhaji wa ya yi gaskiya?" Ya ce, "Wallahi ban sani ba." Tun daga ranar ba mu cika zama tare ba. Ba faɗa muka yi ba. In mun haɗu a masallaci mu gaisa, kowa ya nemi takalminsa.

Inna ba ta san abin da ya faru ba. Ni da ƙanwata muka ɓoye mata. Duk sanda na kira sai ta ce, "An ga lambar?" In ce ana dubawa. Sai ta ce, "In sun gama, a dawo mini da ko ɗaya ne." In ce to. Wannan ma wani nauyin ne, don ƙarya nake yi wa uwata, kuma ban san yadda zan daina ba. Takan kuma tambayi labarin Alhaji, ta ce mutumin kirki, ya zauna a ƙasa ya yi wa ɗanta addu'a mai tsawo. Ƙauyenmu yanzu ba kowa. An kashe wasu bayan yayana, aka kashe wasu bayan su. Waɗanda suka leƙa sun ce kwanso yana nan zube a gonaki, ba mai sunkuyawa ya ɗauka.

Ina nan a shagon ina ɗaurin kaya. Yanzu ko ƙullin kuka aka kawo sai na kwance na zura hannu har ƙasa. Hajiyar nan mai alamar kifi ta ce na zage ta, ta mayar da kayanta wani shagon. Ban ga laifinta ba.

Roƙona ga duk wanda wannan takarda ta faɗo hannunsa, a Maraɗi ko Agadas ko Kwatano ko Kano ko ina ne. Mutumin dogo ne, baƙi, furfura ta fara kama gemunsa. Farcen babban yatsansa na hagu a tsage yake gida biyu, allurar keke ce ta huda shi tun yana koyon aiki. Yana sa ɗan sukundireba a aljihun gaba inda wasu ke sa biro, kuma yana fara magana da "bon". In kun san shi, ku ce masa mai gadin gidansu yana nemansa. Ba dole ne ya yafe ba. Ina so ne kawai ya ji daga bakina cewa ni na sa aka zuba, na san abin da ke cikin robar lokacin da ya kira ni daga Katsina, kuma na tsaya a tsallaken titi ban shiga ba. In kuwa ya rasu, ku gaya mini inda 'ya'yansa suke.

Sannan in akwai mai ilimin da ya san wannan doka da gaske, ya taimaka ya gaya mini ko an taɓa kama mai kisa ko da guda ɗaya ta hanyar wannan lambar, a ko'ina a duniya. Ina so in san ko abin da na salwantar da mutum a kansa ya taɓa yi wa wani amfani.

Duk wanda ke da labari ya bar shi a kowane shagon kago na Hausawa a Deira, ya ce a ba mai ɗaurin kayan nan da ke duba kwali sau uku. Za su gane.